Kwana Tara Kafin Haƙa'a

Mahaifina shi ne mai ƙirgen taurari a ƙauyenmu, can bayan Gwiwa. Ba duba yake yi ba, kada a ɗauke ni a karkace. In ka kira shi boka kun ɓata ke nan har abada. Lissafi ne kawai da ya gada wajen nasa mahaifin. Shekara taurari ashirin da takwas ce, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, bakwai na bazara, kowace tana yin kwana goma sha uku, in ban da ɗaya mai sha huɗu. A bangon zaurenmu yake ajiye lissafin. Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya ja layi ɗaya da gawayi. In layukan suka cika ya goge da tafin hannu, ya ce wance ta fita, wance ta shiga.

Yawancin shekara ba wanda ya damu da bangon nan. Amma da zarar bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai zauren ya cika. Tambaya ɗaya ce ke kawo kowa: a shuka ko a dakata? Amsar Baba ba ta canzawa. Tauraruwar ƙarshe ta bazara ita ce Dabaran, ta farkon damina kuma Haƙa'a. Yakan ce, "Ruwa na Allah ne, tauraro ba ya ba da ko ɗigo. Amma iyayenmu sun lura, ruwan Dabaran ba a ba shi iri. Ku bari Haƙa'a ta shiga." Mutane su yi gunaguni su tashi, su jingine sungumansu su jira. Tun ina yarinya ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar jiran ba.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da wannan na samu sake, na yi ta taurin kai ba mai kwaɓa ta. Na yi makarantar kwana a Kazaure, na wuce jami'a, daga can aka tura ni ƙasar waje karatun taurari. A shekarata ta farko malamar da ke kula da aikina ta ba ni tauraron da zan yi bincike a kansa. Da na bi asalin sunansa a littattafai sai na tarar shi ne babba a cikin 'yan taurari ukun da Larabawa ke kira Haƙa'a. Ranar na kira Baba ina ihu kamar wadda ta tsinci dami a kala. Ya ce, "Ikon Allah. Wato can ma ita kika je kika tarar."

Aikin nawa ba shi da wuyar faɗa, ko da yake na sha mayar da shi abin tsoro don a ji ni. Tauraron matashi ne a cikin taurari, ƙato, mai tsananin zafi. Iska ce ta kewaye shi, irin wadda aka halicce shi daga cikinta, kuma haskensa ya yi ƙarfin da yake fige ƙwayoyin iskar nan, yana raba su da 'yan lantarkin da ke jikinsu. Iskar da aka fige haka takan yi nata hasken. Mafi yawan abin da nake nema ido ba ya ganinsa. Haske ne da ke gaba da ja a bakan gizo, irin wanda fata ke ji in ka matsa kusa da garwashi, kuma yana ratsa ƙurar sama inda hasken ido ke maƙalewa. Wata na'ura da ke shawagi a sama ita ke kamo shi. Ni kuma in tsefe shi sili-sili kamar gashi, har ya zama zane mai hawa da sauka a kwamfuta. Kowane tsini a zanen shaidar wani abu ne: wannan na haidirojin, wannan na farar wuta, wancan na wata iska mai suna niyon. Daga tsayinsu ake gane zafin iskar da kaurinta.

Abin dariyar shi ne, daga ni har Baba ba mai kallon tauraron. Shi lokacin da yake cewa Haƙa'a ta shiga, rana ce ke zaune a kusa da ita, ba a ganinta. Ni kuma lambobi ake turo mini. Shi da gawayi, ni da kwamfuta, kowa yana kallon bangonsa.

A shekara ta uku na dawo gida hutu a tsakiyar bazara, da niyyar in gama rubutu. Akwai wani ɗan tsini na niyon da ya hana ni sakat. Ina ganinsa, ina so ya zama gaskiya, don da shi aikina zai yi armashi, amma bai ɗago sosai daga cikin hayaniyar na'ura ba. A sana'armu in abu bai fito fili ba, ba ka cewa ka gan shi. Wata huɗu ina juya shi. Da safe in shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, mahaifiyata, in yi ta fama, in caji ya ƙare in ba mai babur kwamfutar ya kai mini shagon mai sola a Gwiwa.

Inna ba ta ga abin burgewa a wannan zama ba. Wata rana ta shanya gari, iska ta taso ta watsa shi, sai ta juyo kaina. "Shekara nawa kina karatun sama, ko ranar shanya ba ki iya faɗa wa mutum ba?" Na yi dariya, amma maganar ta shige ni.

Wanda ya fi ta iya tsokana shi ne maƙwabcinmu, aminin Baba tun suna yara, wanda muke kira Baffa. Bafulatani ne da ya zauna ya kama noma, yana da wani irin gero gajere mai saurin nuna, wanda ya ce kakarsa ce ta zo da shi a ƙullin zane. Ba ya sayar da shi, ba ya cin na iri ko yunwa za ta kashe shi. Zangarniyoyin da ya zaɓa suna rataye a cikin rumbunsa shekara zuwa shekara. Duk sanda ya gan ni sai ya ce, "Likitar taurari! Yau wanne ne ba shi da lafiya?" Ko kuma, "'Yar nan, ki tambayar mini su ko sun ga baƙar akuyata." Wasa yake yi, kuma yana ƙaunata. Amma ni mai zuciyar tsiya ce, ina tara magana. Kowa a garin yana da amfanin da za a nuna da yatsa, ni kaɗai ce ba a san abin da nake tsinanawa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Sai ga ruwa. Ranar huɗu ga Dabaran, tun da asuba aka fara shi, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ruwa ne na gaske, ba yayyafi ba; tsakar gida ta zama tafki, kwaɗi suka fito daga inda ba a san da su ba. Kafin ruwan ya ɗauke, zaure ya cika. Ina jin muryoyinsu daga ɗaki. Wani ya ce ya tona ƙasa har gwiwar hannu bai tarar da bushewa ba. Wani ya ce mutanen wajen Roni sun fita tun ɗazu. Baffa ya ce shi dai bai taɓa ganin ruwan Dabaran mai wannan nauyi ba.

Ina zaune da wayata a hannu. Na buɗe hasashen yanayi, irin wanda ke cikin wayar kowa, na ga 'yan gizagizai da ɗigon ruwa an jera su har kwana bakwai. Ina cikin kallonsu Baba ya yi sallama ya shigo, ƙafarsa duk laka. Bai saba shigowa ɗakin Inna da rana ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya dubi kwamfutar da ke buɗe a gefena, zanen nan mai tsinaye yana kai.

"Uwata, saura kwana tara a lissafina," in ji shi. "Amma mutanen nan sun matsa, ni ma kuma ruwan ya ba ni mamaki. Ke da kike ganin cikin Haƙa'a da na'ura, ko kin duba?"

Na fahimci abin da yake nufi sarai. Ba zan fake da cewa mun yi wa juna gurguwar fahimta ba. Yana tsammanin na'urar da ke nuna mini iskar tauraro tana iya nuna mini ko damina ta zauna. Na san ba haka ba ne. Hasken da nake tsefewa ya baro can fiye da shekara dubu, bai san da Gwiwa ba, na'urar ma ba ƙasa take kallo ba. Amsar gaskiya kalma uku ce: ban sani ba. Amma ga mahaifina tsugune a gabana yana neman ilimina karon farko, ga Inna a bakin murhu ta kasa kunne, ga muryar Baffa a zaure.

Na ce, "Na duba, Baba. Ruwa ya zauna. Ku shuka."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya jinjina kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya fita. Na ji ya ce musu, "To, bismilla, a fita." Bai ambaci sunana ba, don a wajensa ba a kai maganar cikin gida zaure. Wallahi a lokacin daɗi na ji. Har na leƙa ta katanga ina kallon mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa da ƙoƙon iri a hannu, ina ji kamar ni na saukar da ruwan.

Kwana biyu aka yi ana shuka. Baffa ya sauke zangarniyoyinsa duka ya sussuke. Da ma yakan rage kashi ɗaya cikin uku saboda halin rai, amma a wannan shekarar ya ce tunda Malam, wato Baba, da kansa ya karya dokarsa, ai magana ta ƙare.

A kwana na uku na buɗe waya na ga gizagizan sun ragu zuwa huɗu. Washegari biyu. Daga nan sai rana, rana, rana, an jera su kamar ana yi mini gwalo. Na riƙa buɗewa ina rufewa, har Inna ta tambaye ni ko saurayi nake jira. Gero ya tsiro gwanin sha'awa, ya yi kore shar a kan jigawa. Sai iska mai zafi ta juyo. Na ga tsiron ya fara naɗewa, ya yi fari-fari, ya kwanta. Haƙa'a ta shiga ba ko gajimare. Baba ya ci gaba da jan layinsa kowace safiya, ya daina cin abincin rana, yakan tafi gona ya tsaya ya dawo. Bai zarge ni ba, ko da ido.

Sai da Haƙa'a ta yi kwana takwas ruwan gaskiya ya sauka. Da an bi lissafin bango, ranar ce za a fita, da iri cike da ƙwarya. A maimakon haka mutane suka bazama neman abin da za su sake shukawa. Wasu suka samu wajen dangi a Babura, wasu suka ɗebo na ci daga rumbu, wasu suka sayo na kasuwa wanda ba su san halinsa ba. An yi noma a shekarar, ba a mutu ba, amma an sha wuya. Gajeren geron Baffa kuwa ya tafi ke nan. Ya zaga gonarsa layi-layi ko zai sami gindi ɗaya da ya tsira, bai samu ba.

Inna ce ta ba ni labarin abin da ya faru a masallaci ranar Juma'a. Ta ce bayan an sallame Baba ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni na ce ku shuka, kuma na yi kuskure. Ku yafe mini." Wani daga baya ya ce tsufa ne ya fara taɓa Malam. Baffa ya ɗauki takalmansa ya fita. Inna tana faɗa tana kallona, don ta ji abin da na ce a ɗaki ranar nan. Amma ita ma ta ɗauka na'urar ce ta yi ƙarya, har tana cewa kayan Bature ma ashe suna ruɗewa. Na bar ta a haka.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, wani ya jiƙe. Sati biyu bayan haka na haɗa kayana na koma, na ce hutu ya ƙare, alhali saura wata guda.

Na gama rubutuna. Ɗan tsinin niyon ɗin nan ban ce na gan shi ba; na rubuta cewa akwai alama, amma ba ta kai a dogara da ita ba. Ranar da na kare aikin, ɗaya daga cikin masu jarrabawa ya yaba mini a kan wannan, ya ce ya ji daɗin ganin ɗaliba mai tsoron faɗar abin da ba ta tabbatar ba. Na yi murmushi na gode masa, na fita na shiga banɗaki na yi kuka. Wata huɗu na yi ina tattalin gaskiya a kan iskar da ba ta ciyar da kowa. A kan abincin garinmu da mutuncin ubana kuwa ko numfashi biyu ban ja ba.

Shekara biyu ban zo gida da bazara ba, kullum da dalilina. Da na dawo ƙasar na kama koyarwa, dalilai suka ƙare. Na iso ana cikin Dabaran, da hadari a gabas, lokacin da a da ba ka samun wurin ajiye takalmi a ƙofar zaurenmu. Na tarar da Baba shi kaɗai a kan buzunsa, layuka shida a bango. Kaji ne kawai ke shiga suna fita. Inna ta ce yanzu kowa wayarsa yake dubawa, ko ya bi abin da rediyo ya ce. Baffa yana gaisawa da Baba a masallaci, yana zuwa in an yi rashi ko haihuwa, amma ya daina zama.

Washegari da hantsi na kai masa kunu zaure, na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, akwai maganar da na riƙe shekara uku."

"Ina jin ki, Uwata."

"Ranar da ka tambaye ni ko na duba, ba na'ura na duba ba. Wayata na duba, hasashen da ke wayar kowa. Na'urarmu ba ta san ruwa ba, ba ta taɓa sani ba. Na san haka lokacin da nake ba ka amsa. So nake a ce ni ma na iya wani abu."

Na yi zaton zai ce da ma ya sani. Na ma fi son haka, don da ya rage mini nauyi. Amma bai sani ba. Na ga maganar ta shige shi a hankali. Ya ajiye ludayin, ya dubi bango.

"Ashe," in ji shi. Can ya ƙara, "Ni duk zatona na'urar ce ta kuskure. Har ina tausayinki, ina cewa kada yarinyar nan ta karaya da karatunta." Ya shafa gemunsa. "Da kin ce ba ki sani ba, ai da shi ke nan. Ni sau nawa nake faɗar haka a zauren nan?"

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce zan je wajen Baffa yanzu in gaya masa, kuma in ya yarda a faɗa a masallaci, kowa ya san ba tsufa ba ne, ba lissafi ba ne ya ɓaci, ni ce.

"Ba za ki je ba."

"Baba, sunanka ne fa."

"Na ce ba za ki je ba." Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Sannan ya sassauta. "Jikokinsa mata biyu suna makarantar kwana a Kazaure. Kin san da me ya rinjayi ubansu? Da ke. Akwai wasu huɗu a garin nan, duk da ke aka yi misali. In an ce tsoho ya ruɗe, ba sabon abu ba ne, kowa zai tsufa. In aka ce mai digiri ta dubi ubanta ta yi masa ƙarya, aka rasa iri, kafin sati yaran nan suna gida. Iri ɗaya ya tafi, ba za ki ƙara mini da wani ba."

Na ce to ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun kafin in rufe baki, kuma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, shi ma ya bar abin da ya sani ya kama abin da bai sani ba. Ya ɗauki ludayinsa ya ci gaba da shan kunu. Ni dai da duka ya yi mini da na fi samun sauƙi. Na zo in sauke kaya, ya ɗaure mini shi da kyau ya mayar mini a ka, kuma na san gaskiyarsa ce.

Da yamma na haɗu da Baffa a hanyar rijiya. Ya rame, amma bakin yana nan. "Likitar taurari! An dawo? Yaran nan kullum sai sun tambaye ki." Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi gona. Ya ce alhamdulillahi, na kasuwan ma yana yi, sai dai furarsa ba ta da ƙamshi. Ya sa mini albarka ya wuce.

Har yau ina aikin nan. Ina tsefe hasken wasu taurarin, ina koya wa ɗalibai yadda ake karanta tsinaye, kuma sun san ni da masifa a kan abu ɗaya: wanda duk ya ce mini ya tabbata, sai ya nuna mini inda ya gani. Suna cewa na cika tsanani. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Baba yana nan da ransa, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta bango ba. Bana ina ofis da safe, ina shirin shiga aji, wayata ta yi ƙara.

"Uwata, Haƙa'a ta shiga yau."

"Masha Allah, Baba. Allah ya ba da damina mai albarka. Ka sanar da mutane?"

Ya ɗan yi dariya. "Ai ga shi na sanar da ke."